Dutsen Taimamar Inna Laraba

Tun da ambaliya ta cinye musu gida a bakin kogin Kaduna, Inna Laraba ta kafa wa ɗanta Tukur sharaɗi ɗaya tak: ba za ta ƙara kwana a inda kogi ya taɓa takawa ba, in ba haka ba ƙauye za ta koma wajen ƙaninta. Tukur kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar tsohuwarsa ta yi masa nisa. Sai ya samu fili a kan wani tudu a Kawo, tudun da ko mai keke napep sai ya yi tsaki kafin ya hau, ya yi gini.

Daga rijiya matsalar ta ɓullo. Usman mai haƙa ya yi gaba uku ke nan, guga ya fara fitowa da farin yashi da duwatsu sumul-sumul kamar ƙwan zabo.

"Malam Tukur, ai nan tsohuwar gaɓar kogi ce," in ji Usman. "Ruwa kaɗai ke goge dutse haka. Nan ya zauna tun kafin kakannin kakanninmu, daga baya ya gangara can ƙasa."

"To ka rufa min asiri," in ji Tukur.

Usman ya ja bakinsa, tunda haƙa aka kira shi ya yi. Tukur ya kwashe duwatsun a baro ya zubar can nesa. Guda ɗaya ne ya ba shi sha'awa, ya ajiye a durowa.

Inna ta tare, ta leƙa gangaren, ta ce ya yi. Aka zauna lafiya har damina biyu. Sai ciwo ya kwantar da ita, likita ya hana ta taɓa ruwa, ta ce a samo mata dutsen taimama. Tukur, bawan Allah, da murnarsa ya buɗe durowa, ya miƙa mata dutsen.

Matar da ta shekara hamsin tana wanki a bakin kogi, ai shafa ɗaya ta yi wa dutsen ta gane na kogi ne.

"Ina ka samo wannan?"

Tukur bai iya yi wa uwarsa ƙarya ido da ido ba. "A rijiyarmu. Amma Inna, kogin ya bar nan shekaru dubbai."

"Ya dai san hanya," in ji ta.

Ta yi taimamarta, ta yi salla a zaune. Da ta sallame ta ce ya sauko mata da akwatinta, ya kai ta tashar Kawo. Tukur ya roƙe ta har da hawaye. Dutsen kam ta ce yana da kyau, da shi ta tafi.