Furen Dezi a Gidan Mahauta

Jumare mahauci ne a unguwar Abakpa Nike a Enugu. Gidan da suke zaune shi da yayansa Arzika gadon mahaifinsu ne, kuma a bayansa akwai ɗan fili mai jar ƙasa inda Arzika ke ɗaure ragunan sayarwa in babbar sallah ta matso.

Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo mai sayen hanta a teburin Jumare ce ta ba shi wani iri a ƙulle cikin leda. Ta ce sunansa dezi, farin fure ne mai rawaya a tsakiya, in ya kama ƙasa kowace shekara da kansa yake tofowa. Sai dai ba ya son zafi, ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma shekarar farko ganye kawai zai yi.

Shukar farko Jumare ya binne irin kamar masara, ko ɗaya bai fito ba. Ta biyu ruwan Enugu ya kwashe ta zuwa lambatu. Da ya zo kan ragowar irin, sai ya huda gindin tsofaffin robobin wankin matarsa Bashira, ya cika su da ƙasa da yashi da busasshen taki daga mayanka, ya barbaɗa irin a sama, ya danna da tafin hannu, ya tura su ƙarƙashin rumfa. Wannan karon suka tsiro. Da suka yi ƙwari ya ja kunya mai tudu a gefen inuwar mangwaro ya dasa su.

Labari ya kai mayanka. Abokan sana'a suka riƙa tambayarsa yaushe za a fara tsinkar salak. Shi dai wuƙarsa yake wasawa.

Sai ga motar raguna daga Arewa. Arzika ya zagaya bayan gida da igiya a kafaɗa, ya tsaya.

"Jumare, cire mini ciyawar nan."

"Yaya, ba ciyawa ba ce."

"A miya ake sa ta?"

"A'a."

"Magani ce?"

"A'a, kallonta ake yi."

Arzika ya yi dariya har da riƙe ciki. Jumare ya jawo benci ya ajiye a bakin kunyar, ya zauna.

"Yaya, tun ina ƙarami nake farke ciki ina wanke tumbi. Ina so in dawo gida in tarar da abin da ba yanka shi za a yi ba. Rabin filin nan nawa ne. Ka ɗaure a rabinka, sauran ka kai barandata."

Arzika ya kai ƙara wajen dattawan unguwa. Malam Kallamu, wanda ya yi zamani da mahaifinsu, ya yi nasiha mai tsawo a kan girman ɗan'uwa da abincin iyali. Jumare yana durƙushe, kansa a ƙasa, har aka gama.

"Allah ya ƙara girma, Baba, na ji duka. Amma ba zan cire ba."

Malam Kallamu ya dube shi, ya dubi Arzika, ya naɗe tabarmarsa.

Jumare ya kewaye kunyar da tsofaffin kwanon rufi. Raguna suka cika barandarsa, Bashira tana shara tana mita, yayansa kuwa ya daina amsa masa gaisuwa. Ana gobe sallah wani rago ya tsinke igiya, ya ture kwanon, ya cinye ganyen har ƙasa.

"Malam, ka haƙura haka nan," in ji Bashira. "Ka shuka alayyafo kowa ya huta."

Jumare ya tsuguna a bakin kunyar. Ya tona gindin guda da yatsa, ya ga saiwar fara ce, da ranta. Ya mayar da ƙasa, ya ɗaga kwanon ya ƙara masa turaku.

Rani ya zo da zafi. Kullum in ya taso daga mayanka sai ya ja ruwa a rijiya ya ba shukokin kafin ya yi wanka. Fiye da rabi suka mutu duk da haka. Waɗanda suka rage suka baje ganye, suna shiga shekara ta biyu suka miƙe kara.

Wata safiya Arzika ya zo ɗaukar turke, ya tarar da ƙanen nasa a tsugune a gaban kunyar, furanni sun buɗe. Furannin ba su da yawa, kuma ba su kai girman murfin kwalba ba, wani ma ƙwaro ya ci gefensa.

"Wannan ne abin da ka ɓata da ni a kansa?"

Maganarsa ta farko ke nan tun sallar bara.

"Shi ne, Yaya. Ina kwana?"

"Lafiya." Arzika ya sunkuya ya shinshina guda, ya yamutsa fuska. "Ko ƙamshi babu."

"Babu. In sun bushe zan tara irin, baɗi in ja kunyar har bakin katanga."

"Katangar wa?"

"Ta gefena."

Arzika ya ɗauki turkensa ya wuce. Jumare ya ci gaba da tsince ciyawa.