Tsatsar Ƙarƙashin Gado

Ɗana Ambrose ya ɗauko ni don in duba masa tirelar kwana, irin ɗakin nan da ake ja da mota, da wani manomi ke sayarwa can bakin teku, a Lincolnshire. Matarsa Vashti saura wata guda ta haihu, su kuwa ba su da ta kansu. Ni ban san ko baƙi ɗaya a takarda ba, amma a cikin tirela aka haife ni, kamar duk mutanenmu masu yawo gari-gari, na san ciwonta.

Manomin, Mista Thackray, ya tsaya nesa da tirelar kamar mai gudun kare. Ambrose ya kwanta ƙasa da tocila, ya taso yana washe baki.

"Mama, tas take! Ko ɗigon tsatsa babu."

"Kai da ka auro mace ba ka duba haƙoranta ba? Matsa."

Vashti ta yi dariya, ta shige ciki ganin labule.

Na durƙusa da ƙyar, na zaro wuƙata. Iskar teku daga gaba take cin ƙarfe, wajen da ake ɗaura wa mota, sannan ta bi ko'ina. Nan kuwa gaba lafiya lau. Sai can baya, daidai ƙasan gado, na ga sabon fenti baƙi. Na soka wuƙa, ta nutse. Tsatsa ta zubo mini a fuska, tana warin ƙauri.

Wannan ba aikin gishirin teku ba ne. Ƙarfen da wuta ta lasa ne ke yin irin wannan tsatsa. Mu kuwa dalili ɗaya ke sa mu cinna wa tirela wuta: in mai ita ya mutu a ciki, sai a ƙone ta da komai nasa, don kada ya ƙi tafiya.

"Mista Thackray, a ina ka same ta?"

"Mutanenku suka bar mini ita a gona."

"Sau nawa suka sa mata wuta?"

Ya dubi takalminsa. "Uku. Ni ma sau ɗaya. Sai wutar ta kama, ta kai gadon, ta mutu. Ku tafi da ita kyauta, don Allah."

Ambrose ya ce, "Kyauta fa, Mama!"

"Rufe bakinka, sakarai. Ina matarka?"

Na leƙa ta taga, don ba zan taka ciki ba. Vashti na zaune a bakin gado, hannu a kan ciki, kanta a karkace kamar wadda ake yi wa raɗa. Katifar gefenta ta loɓa, alhali ba kowa.

"Vashti, fito."

Ta ƙara karkata kai wajen da katifar ta loɓa.

"Vashti! Fito, ki cire rigar sanyinki, ki bar ta a nan!"

Sai a kira na uku ta tashi, a hankali, ta sauko tana lumshe ido.

"Mama, gadon da ɗumi. Tsohuwar tana da kirki, tambayata take wane suna za mu sa wa jaririn."

Abin da ya san sunanka, ya san inda zai kira ka.

"Kin faɗa mata?"

"Ban faɗa ba... ina jin ban faɗa ba."

Muka bar tirelar a nan, da rigar da ta taɓa gadon. Bayan wata guda yarinya ta zo lafiya, mai ƙiba. Tun watanni sun zaɓar mata suna, sun ma saƙa shi a bargo. Na jefa bargon a wuta da hannuna, na ce Kezia za a kira ta. Wancan sunan, har yau ba wanda ya sake furta shi a gabana.