Kazar Haulatu da Motar Majalisa

Rana guda majalisar ƙaramar hukumarmu ta yanke hukunci biyu, kuma wallahi da sun san abin da za su haɗa da sun raba musu rana. Kansila Sodangi ya samo mana bas da za ta riƙa kai mutanen ƙauyenmu Kankia. Kansila Zakiyyu, wanda ba ya yarda Sodangi ya fi shi ko da tari ne, ya miƙe ya ce a kare tsuntsayen tafkin bayan gari: duk sheƙar da ke bakin ruwan nan, ba mai taɓa ta har a ƙyanƙyashe. Aka tafa wa kowa, aka sha lemo.

Ba wanda ya kai Haulatu mai nono murna. Shekara da shekaru tana taka sayyada zuwa Kankia da ƙwarya a ka, ga gwiwa ta fara ƙara. Gidajen da ke sayen nononta sun soma ƙorafin tana isowa rana ta take. In ta rasa su, to ta rasa sana'a.

Mota ta iso, fara sol. Direba Ashiru ya kai ta bakin tafki ya wanke, ya bar gilashi a buɗe don ta sha iska. Sai aka ce ba za ta motsa ba sai ciyaman ya yanke ƙyalle, shi kuwa ciyaman ya tafi taro Abuja. Aka jira, aka jira. Ran da ya dawo aka taru da makaɗa, Ashiru ya buɗe ƙofa ya yi tsalle baya yana salati. Kirinjijiya, agwagwar dajin nan mai fito, ta tara ciyawa kan kujerar direba ta zuba ƙwai.

"A kwashe!" in ji Sodangi.

"A kwashe me?" in ji Zakiyyu, har hularsa na karkacewa. "Sheƙa ce, a bakin ruwa take. Kai ma ka ɗaga hannu ranar!"

Kai jama'a! Manyan mutane da manyan riguna suka yini suna gardamar ko kujera sheƙa ce. Ita tsuntsuwar ganguna sun firgita ta, ta tashi, ba a ƙara ganin ƙeyarta ba. Ashiru ya ce shi zai iya tuƙi a tsugunne. Ba wanda ya kula shi.

Haulatu ta gaji, ta kutsa gaba. "Ranku ya daɗe, ina da kaza mai kwanci. Ba haka muke yi da ƙwan zabo ba? A sa mata su, mota ta tafi."

Kowa ya ce madalla, don duka ɓangarorin sun samu mafita. Zakiyyu ya gyara murya. "Na yarda, Inna. Amma ƙwan nan ba zai bar bakin ruwa ba. Kazar ce za ta taro nan."

"To, ta taro."

"Kuma akwai shaho, akwai muzuru. In ƙwai ɗaya ya fashe, mai kaza za a tambaya."

Nan fa ɗaya. Ni ina wurin, na ga bakinta ya buɗe ya kasa rufuwa. Aka kafa akurki gindin wata giyayya, aka ba Haulatu tabarmar zaman gadi, har da wata riga mai ɗaukar ido wai ta ma'aikatan gandun daji. Kullum da safe motar da ta kuɓutar sai ta wuce ta gabanta, Ashiru na danna ham, mata masu nono cike da kujeru. Maƙwabciyarta Kamila, wadda da ko hanyar Kankia ba ta sani ba, ta leƙo ta taga: "Yaya, a gaishe da 'ya'yan gwamnati!" Abin ya ba ni dariya, kuma ya ba ni haushi, don zalunci ne tsagwaronsa.

Da kwanci ya yi nisa ta aika da ƙwarya ɗaya a kai wa gidajenta na Kankia. Aka dawo mata da ita cike. Sun ce a yi haƙuri, yanzu Kamila ke kawo musu tun da sanyin safiya.

Da hantsin wata Laraba ƙwai suka fashe, 'yan tsaki suka fito da faffaɗan baki. Ko juyowa ba su yi ba, suka yi jere suka faɗa ruwa tsulum-tsulum. Kaza ta haukace. Ta ruga nan, ta ruga can, tana kiran su har muryarta ta dishe, ta tsoma ƙafa ta janye. Su kuwa sun yi tsakiyar tafki abinsu.

Haulatu ta tuɓe rigar gwamnati ta rataye a reshe. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kazar, ta rungume ta a ƙirji, hawaye na zubo mata.

"Bari kuka, 'yar uwa," ta ce. "Ni ma tawa motar da na ƙyanƙyashe, ga ta can ta tafi da wasu."