Duwatsun Baraji

Ruwan ya sauko da hantsi ranar Talata, kafin azahar ƙorama ta fasa baraji, madatsar ruwan da ke sama da garin. Ta ci gidaje goma sha ɗaya, ta kwantar da dawa, ta tafi da Habsa matar Idris tela, wadda ta koma kwance awakinta. Sai washegari aka sami gawarta can wajen hanyar Tamaske.

Biba ta haura shekara saba'in. Tana cikin matan da suka ɗauko duwatsun barajin nan a ka, zamanin furoje, wato aikin raya karkara da ya gina shi, lokacin tana goyon ɗanta Mahfuzu. Shekara uku ke nan tana ganin amalanken jakai na gangarowa daga can da duwatsu, tana ganin wayar da ta ɗaure su ta koma shingen garaken albasa. Tushen sabon ɗakin Mahfuzu ma daga can ya fito.

Ranar addu'ar uku, Liman Habibullahi ya ce jarrabawa ce, zunubi ya yi yawa, samari sun saki sallah. Maza suka amsa da amin. Biba na bayan zana cikin mata, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, ba ta ɗaga hannu ba.

Bayan la'asar ta iske Mahfuzu yana kwashe laka daga tsakar gida.

"Mahfuzu, amalanke nawa ka ɗebo?"

Bai ɗago kai ba. "Inna, Allah ne fa ya kawo ruwa."

"Shi ya kawo. Duwatsun ka ɗebo nike tambaya."

"Huɗu. Kuma ba ni ɗai ba, gari duka anka ɗiba."

"Na sani," in ji ta. "Ni ma na gani na yi shiru, don ina son ka samu ɗaki."

Ya ci gaba da aikinsa. Ita kuma ta ja sanda zuwa zauren Liman. Ta yi zaton zai kore ta da nasiha, sai ya saurare ta har ta ƙare, yana murza idanu. Kwana uku ke nan yana tsakanin maƙabarta da gidajen da suka faɗi.

"Biba, katangar masallaci ma, ki je ki duba ƙasanta," ya ce. "Da anka kawo, ni na sa albarka."

"To, mi za ka ce ma mutane?"

"Sai Juma'a," ya ce.

Ranar Juma'a ya faɗa, a taƙaice, ya fara da kansa. Ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya ɗauka. Mutane suka watse ba mai kallon wani.

Aka yi shawara za a gyara barajin bayan girbi. Bayan girbi kuwa yawancin maza suka tafi ci-rani, don abin da aka samu ba zai kai wata uku ba. Mahfuzu ya jinkirta tafiyarsa da kwana goma. Shi da mutum shida suka toshe kusan rabin ɓarakar, sannan shi ma ya hau mota.

Idris bai zo aikin ba, ba kuma wanda ya iya zuwa kiransa. Ya ɗora kekensa na ɗinki a amalanke, ya kwashi 'ya'yansa ya koma wajen wansa a Bouza.