Jarumar da Hindatu Ta Goge

Mushe Alƙasim ya koyi Faransanci a littattafan zane tun kafin ya iya shi a aji. Yana yaro a Keita wani direban furoje, wato aikin raya karkara, ya bar masa kwali cike da tsofaffin littattafan jarumai. Kusan duk tafiyarsu ɗaya: ƙato mai faffaɗan ƙirji, alkyabba na kaɗawa a bayansa, ya keto sama ya cafe mace tana faɗowa daga bene, baki buɗe. Kwalin nan ya bi shi har Madawa, inda ya zama malamin makaranta, ake kiran shi Mushe, wato malam.

A ƴaƴansa, Hindatu ce ta ɗauko son zane. Tana kwaleji aka sa gasa: kowa ya zana jarumin da zai ceci gari daga ruwan ƙorama. Ta kwana biyu a kai, sannan ta kawo wa mahaifinta yana shan shayi a ƙofar gida. Mace ce gajera, kakkaura, gammo a ka, dutse a kan gammo. Ruwa ya taso, ita kuwa ta kafe ƙafa tana jera duwatsu a gabansa.

"Mi ne ne wanga?" in ji shi.

"Jarumata ce, Baba. Inna Zali ce."

Zali mahaifiyarsa ce. Da idonsa ya ga tana dakon dutse a kan tudun Keita tare da sauran mata, shekarun da maza suka watse biɗar kuɗi Abijan. Da abincin da ake biyan su a aikin nan ta ciyar da shi. Duk da haka dariya ya yi.

"Wagga ai mai aikin dutse ce, ba jarumi ba. Wa za ta ceta?"

"Garin duka."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafi guda ya buɗe mata. "Duba yadda masu abin ke yi. Namiji a tsakiya. Mace tana gefe, ita ake ceto. In kin kai wanga, dariya za su yi miki."

Tsakaninsa da Allah gyara yake yi. Har ya karɓi fensirin ya fitar mata da kafaɗun namijin jarumi. Hindatu ta sa abin gogewa ta share Zali, sannan ta zana wata ƴar siririya a kan rufin ɗaki, hannu biyu a ka. Ita ta zo ta ɗaya. Alƙasim ya yi ta yawo da takardar yana nuna wa abokan aiki. Daga nan bai sake ganin ta da fensir ba, ya ɗauka girma ne ya zo.

Shekaru suka ja. Zali ta rasu, shi ya yi ritaya, Hindatu ta zama ungozoma a Buza. Wani hutu ɗiyarta Farida ta zo Madawa, ta tono kwalin a ƙarƙashin gado.

"Kai tsoho," ta ce da shi, "mi ya sa matar ga kullum faɗuwa take? Ba ta da ƙafa?"

"Amarya, kawo in nuna miki wadda ba ta faɗuwa."

Ya yi ta buɗawa. Da ƙyar ya samo wata mai ƙarfi, amma tufafinta ko rabin jiki ba su rufe ba, kuma kafin ƙarshen littafin an ɗaure ta a jikin ƙarfe tana jiran a zo. Ya rufe. Farida ta gaji da jira ta fita wasa, ta bar shi zaune da littafin a cinya.

Da hutu ya ƙare shi da kansa ya mai da ita Buza. A tasha ya sayi farar takarda da fensir masu launi. Ya iske Hindatu a gidan haihuwa, ya miƙa mata ledar.

"Uwata, so nake ki sake zana mini Inna. Da dutsenta, kamar wancan."

Ta dube shi jim. "Ashe ka tuna, Baba."

Ta zauna a benci ta ɗora takardar a gwiwa. Ta ja layin gammo, ta ja wuya, ta tsaya. Ta goge, ta sake.

"Hannun ya manta," ta ce, ba tare da fushi ba. "Fuskar ma ta fara ɓace mini."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ƙwala mata kira daga ciki: an kawo mai naƙuda a amalanke. Ta ajiye takardar ta tashi da sauri tana gyara ɗankwali.

Alƙasim ya zauna jiranta har la'asar. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce haihuwar ta zo da gardama, kada ya jira. Ya bar ledar a hannun Farida, ya nufi tasha kafin motar ƙarshe ta tashi.