Ƙafafun Motar Osho Gensho

Ni ke aske wa Osho Gensho kai, limamin gidan ibadar da ke bayan kasuwarmu, don haka na san abin da mutanen gari ba su sani ba. Sun san wasu ranakun Lahadi yakan ce zai hau dutse ya wanke zuciya. Ba ƙarya yake ba, filin tseren motoci a kan dutsen yake, kuma tare muke zuwa.

Mota ɗaya gare shi, 'yar ƙarama fara. Da ita yake zuwa gidajen mutane addu'a, da ita yake tsere. Sai da ya shafe bazara guda yana gwada saitin ƙafafunta kafin ya dace: saman tayoyin ya shige ciki, ƙasansu ya baje waje, don in ya kwanto kwana da gudu tayar ta kama kwalta gaba ɗaya. A fili abin sha'awa ce. A cikin gari kuwa sai ka ce mai gwame, ga cin taya ta gefen ciki.

Wata Laraba ya je gidan Kaka Tsune addu'ar tunawa da mijinta. Tsohuwa ce 'yar tsurut, amma duk unguwar ba mai ja da ita. Ta leƙa ta ga motar, ta dafe ƙirji. Yana zama gaban hoton mamacin ya fara karatu, ta zare makullin daga inda ya ajiye kusa da takalmansa, ta miƙa wa surukinta Norio, wanda yake da gareji a ƙarshen layin.

"Je ka miƙe mata ƙafafu. Bawan nan kunya ta hana shi faɗa."

"Mama, da gangan aka yi ta haka," in ji Norio.

"Da gangan? Kai ma da gangan ka yi wannan tumbin? Wuce."

Aka gama addu'a, ta tsare Osho da shinkafa da miyar wake da tsamin kabeji, ta ƙara da shayi, ta sake ƙarawa. Da ya fito sai ya tarar da motarsa tsaye cak, ƙafafu sambal kamar na soja, tsofaffin unguwa sun kewaye ta suna murmushi. Ya rusuna ya yi godiya. Norio ya ce sai da muryar Osho ta yi rawa, tsofaffin suka ɗauka daɗi ne ya ratsa shi.

Daga nan Osho ya yo shagona. Ya zauna a kujera alhali jiya-jiya na aske shi, ya kwashe labarin ya faɗa mini.

"To ka mayar mana," na ce.

"In mayar? Kullum ta ƙofar gidan Kaka Tsune nake wucewa. Ta ga kyautarta ta koma gwame, in ce mata me?"

"Ba kai ke mana wa'azi kada mu ɗora rai a kan abin duniya ba?"

"Yi mini shiru, Tadao. Wannan saiti ne, ba abin duniya ba."

Ran Lahadi muka hau dutse a haka. Zagayen farko ya bi a hankali. A na biyu zuciya ta ɗebe shi, ya shigo babbar kwanar nan ta ƙasa da gudun da ya saba. Ya murɗa sitiyari, motar ta ce ba ta san zancen ba. Tayoyin gaba suka yi ta kuka, ta miƙe abinta ta faɗa cikin tsakuwa ta zauna. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ya fito ya cire hular kwano, ƙoƙon kansa na ƙyalli, ya ɗaga ido, sai ga Kaka Tsune a bayan shinge riƙe da lema. Ashe Norio, wanda tuni ya gane saitin tsere ne, ya kasa riƙe cikinsa ya faɗa mata komai, ita kuwa ta ce sai ta gani da idonta.

Da aka janyo motar, ta tako har rumfarmu. Osho ya fara rusunawa tun daga nesa.

"Kaka, ki yi haƙuri, da ma ina so in..."

"Wa ya koya maka tuƙi?"

Ta nuna masa kwanar da lemarta.

"Ka shigo kwana a guje sannan ka tuna da birki! Ni da na yi ƙuruciyata ina sauko da kabeji daga dutsen nan a akori-kura, ko ƙwallo ɗaya bai taɓa faɗo mini ba. Tun a miƙe ake rage gudu." Ta juya kan surukinta. "Kai kuma ka lalata wa mutum mota kana tsaye kana kallo."

"Mama, ke fa kika..."

"Mayar masa. Amma rabi. Cikakken gwamen nan asarar taya ne, kuma ba kyan gani a ƙofar gidan makoki."

Nan take Norio ya shiga ƙarƙashin motar da sifana. Rabin ya yi, kuma gaskiya motar ta fi daɗi a titin gari, a fili ma ba ta sake neman tsakuwa ba.

Labari dai ya gama gari kafin mu sauko. Yanzu duk ranar tsere motar haya ce ke zuwa cike da tsofaffi, da tabarmi da kwanukan abinci, su jeru a bakin babbar kwana suna kiran sunan Osho. In wani ya wuce shi, washegari Kaka Tsune na gidan ibada tun da safe da bayanin inda ya yi kuskure. Makon jiya yana kan kujerata, ido a rufe, ya tambaye ni a hankali ko na san wani filin a can arewa, wanda motar haya ba ta zuwa.