Gwaibar Suruka

Mai lambun ya daɗe yana tunanin inda tsutsar mangwaronsa take zuwa idan mangwaro ya ƙare. Malamin gona ne ya warware masa. Ya ce wani ɗan ƙuda ne ke huda 'ya'yan itace ya zuba ƙwai. A lemun tsami ba kasafai ƙwan ke rayuwa ba. A mangwaro yana ƙyanƙyashewa, a gwaiba kuwa tsutsar har ƙiba take yi. Da mangwaro ya wuce, ƙudan sai ya koma gwaiba ya jira shekara ta zagayo. Malamin ya tambaya ko akwai gwaiba kusa.

Akwai guda ɗaya, bayan katangar lambun, a tsakar gidan surukarsa. A inuwarta tsohuwar take wuni.

Mai lambun ya kai wa matarsa maganar sare bishiyar. Ta ce bakinta ba zai iya ba, uwarta ce. Ya ce nasa ma ba zai iya ba, saboda uwarta ce.

Ya yi ta juya abin. Bishiyar ba ta cuci kowa ba, ciyarwa kawai take yi. Tsutsar abinci take nema, shi ma haka. Amma bara rabin mangwaronsa a rami aka binne, in aka maimaita bana, lambun ya tashi.

Sai ya ga cewa idan gwaiba ba ta nuna a bishiya ba, ƙuda ba shi da masauki. Kullum da safe ya je gaida tsohuwar, ya roƙi gwaiba, ya tsinke duk wadda ta fara kosawa. Da yake tana zaune tana kallonsa, dole ya ci wasu a gabanta, ɗanyu, masu tauri kamar tsakuwa. Haƙoransa suka mutu. Cikinsa ya ɗaure har matarsa ta daina tambaya.

Mangwaro ya zo lafiya, sai ɗai-ɗai mai tsutsa. Ya cika kwando ya kai wa surukar. Ta sa albarka, sannan ta nuna masa wasu 'yan dashe a gwangwani.

"Ɗan nan, ashe haka kake son gwaiba, kunya ta hana ka faɗa? Ga su na sa an samo maka. Ka dasa a cikin lambunka, ka huta da zagayowa."

Ya dubi dashen, ganyensu shar, ba alamar za su mutu da kansu.

"Na gode, Inna. Allah ya ƙara girma."

Ta ce yanzu za a dasa, rana ba ta yi zafi ba, ita za ta nuna wurin. Ya tafi ɗauko fartanya.